Kafin Baƙuwar Kaza Ta Shiga Akurki

  

Mu bana a kan kaza za mu yi magana. Mun san wani zai yi dariya ya ce, duk fiƙihu da nahawun da aka sha a shekara, sai kaza aka gani? To a yi mana uzuri a karanta har ƙarshe. A gidajenmu na Maraɗi da ƙauyukan kewaye, kaza ita ce asusun inna. In yaro ya kwana da zazzaɓi, kaza ake kamawa a kai kasuwa a sayo magani. In aka ce a kawo kuɗin wata ko na littafi a madarasa, sau da yawa zakara ne ke biya. In baƙo ya sauka babu shiri, ita ke fid da mai gida kunya. Abin da ke ɗauke da wanga nauyi ya isa a ba shi shafi.

Maganarmu guda ce. Wanda ya ga kaza a wahale ya ɗauko ta gida ya fara alheri, amma in ya sake ta cikin kajin gida a ranar, yana iya kashe ta, ya kashe su, ya haɗa da na maƙwabta. A ware ta sati 3 zuwa 4, a yi jinyarta, sannan a haɗa su sannu a hankali.

Wace kaza muke nufi?

Kun san jajayen kajin nan na gidan gona da ke cika kasuwa, musamman gab da salla, a kan araha. Wuyansu a fige, bayansu babu gashi, zankonsu ya yi fari ya kwanta, bakinsu a datse. Kajin ƙwai ne da suka gama aiki. Irin wannan kaza tana fara ƙwai tana da kamar wata 5, kuma a shekara takan yi kusan ƙwai 300, alhali kazar Hausa da ke yawo a tsakar gida bai fi ta yi 40 zuwa 60 ba. In ta kai wajen shekara ɗaya da rabi ƙwan ya fara raguwa, sai mai gona ya ga abincinta ya fi ƙwanta tsada, ya kwashe su gaba ɗaya ya sayar. Mafi yawa tukunya suke nufa. Amma wasu iyayenmu mata sukan sayi biyu ko uku su ajiye, don tausayi, kuma don sun san har yanzu da sauran ƙwai a jikinsu.

Akwai kuma wasu kajin da ake cetowa. A daminar 2024 da ruwa ya rusa gidaje masu yawa a Maraɗi, mutane sun kwashe abin da ya saura na maƙwabta sun ajiye musu, har da kaji. Akwai wadda ɗan'uwa ya bari zai tafi ci-rani, akwai wadda aka ƙwato daga bakin kare. Duk hukuncinsu ɗaya: baƙi ne, ba mu san abin da suka ɗauko ba.

Sai dai ta gidan gona ta fi kowace buƙatar kulawa. Wasu a ɗaki ɗaya aka tara su a cunkushe, wasu kuwa a kejin waya suka yi rayuwarsu, inda wurin da kowace ke samu bai kai faɗin takarda A4 ba. Tarayyar Turai ta hana tsohon salon wanga keji tun 2012, kuma a Ingila har ƙungiyoyi ake da su masu karɓar irin waɗannan kaji suna raba wa masu son kiwo a bayan gida. Mu nan ba mu da ƙungiya, inna ce ƙungiyar. Kazar da ta fito daga keji ba ta taɓa taka ƙasa ba, ba ta san tono ba, ba ta san shaho ba, ba ta san ana komawa akurki da magariba ba. Faratanta sun yi zaƙo-zaƙo saboda ba ta goge su a ƙasa. Ƙasusuwanta sun yi rauni, domin kowane ɓawon ƙwai yana cin kimanin giram 2 na sinadarin ƙashi, in abinci bai wadatar ba daga ƙashinta jiki ke cira. Shi ya sa ɗaukarta ta ƙafa, kai a ƙasa, ko wurga ta cikin buhu, kan karya mata fiffike ko ƙafa. A rungumo ta da hannu biyu, fukafukai a haɗe da jiki.

Abin da baƙuwa ke ɗaukowa

Kowa ya san annobar kaji da ke zuwa da hunturu. Yau kaza ɗaya tana gyangyaɗi, fukafukai a sake, tana zawo kore, gobe uku, kafin sati akurki ya zama kango. Waɗanda suka tsira wani sa'in wuyansu ya murɗe. Malaman dabbobi suna kiranta Niyukasil, da sunan wani gari na Ingila inda aka gane ta wajen 1926. Ba ta da magani in ta kama, kuma garken da ba a yi wa riga-kafi ba tana iya share shi kusan duka. Kafson ja da rawaya na ƴan tebur da ake fasawa a ruwa, da barkono, da saƙe-saƙi, ba sa kashe ƙwayar da ke kawo ta.

Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, cutar takan ɓuya a jikin kaza kwana 2 har zuwa 15 kafin ta bayyana. Wato kaza tana iya zuwa idonta garau, tana cin tsaki, alhali ta ɗauko. Kuma ko da ta bar gidan gona lafiya lau, ai ta biyo ta kasuwa, an tara ta a kwando ɗaya da zabi da agwagi da kajin ƙauyuka goma. Ga wata ɗabi'a da muke gani: da zarar annoba ta shigo gida, sai a yi maza a kwashe sauran kajin a kai kasuwa a karyar kafin su mutu. Mai saye ya ga araha ya yi murna. Wannan algus ne, kuma mun karanta yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsananta a kan mai ɓoye aibin kayan sayarwarsa.

Sai murar tsuntsaye, wadda ta fi muni domin tana iya kama mutum. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ita a jihar Kaduna ta Najeriya, kafin watan ya ƙare aka same ta a Magariya ta jihar Damagaram. Cuta ba ta tsayawa a bakin iyaka, kuma kasuwanninmu da na Jibiya da Katsina kamar ɗaki da zaure suke. Banda waɗannan akwai majina da kumburin ido, da ƙwarƙwata da ƙuma da ke ɓuya ƙarƙashin fiffike.

Abin kuma ta fuska biyu ne. Kazar gidan gona galibi an yi mata riga-kafi, tana iya ɗauke da abin da bai kayar da ita ba ya kayar da namu da ba a yi wa ba. Ita kuma ba ta saba da tsutsar ciki da ke cikin ƙasar tsakar gida ba, ga ta a rame. Ware ta kariya ce gare su, kariya ce gare ta.

Addini bai bar mu a duhu ba

Wasu na ɗauka killace dabba dabarar Turawa ce. A'a. Ya zo a Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya cikin masu lafiya. Kuma mun san labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya nufi Sham ya ji annoba ta sauka can, ya juya da mutanensa, Abdurrahman ɗan Aufu ya tabbatar masa da hadisin da ya hana shiga garin annoba da fita daga cikinsa. In an faɗi haka a kan raƙumi da mutum, hikimar ba ta tsallake kaza ba. Suratul An'am ta nuna mana cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne kamar mu. Mun ji makomar matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha, mun ji gafarar da mai shayar da kare ya samu. Malaminmu na fiƙihu kuma ya karantar da mu cewa a Muhtasar na Shaihu Halil, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita in babu inda za ta yi kiwo, in ya ƙi ko ya gaza a sa shi ya sayar. Kaza a killace kuwa ba ta da inda za ta yi kiwo. Cinta da shanta sun rataya a wuyan wanda ya rufe ta.

Yadda za a yi jinyarta

Ba sai an gina ɗaki ba. Babban kwando, ko tsohon keji, ko lungu da aka kare da zana ya isa, muddin yana nesa da akurki gwargwadon yadda gida ya ba da hali, da inuwa, da iska. A zuba yashi ko ƙaiƙayi a ƙasa, a riƙa sharewa. Kwanon cinta daban, na shanta daban. Mai kula da su ya fara da kajin gida, ya ƙare da baƙi, ya wanke hannu da sabulu, kuma kada ya tattako kashinsu da takalmi ya shiga tsakar gida. Wasu ƴan ajinmu da wasa suna kiran wanga zama iddar kaza. Sunan dai wasa ne, amma a cika kwanakin.

Ranar farko ruwa ya fi komai. Kaza ba ta gumi, haki take yi, kuma a bazararmu da zafi ke wuce awo 40 tana iya mutuwa da ƙishirwa cikin yini guda. Takan sha wajen rubu'in lita a rana, da zafi fiye da haka. Wadda ta saba shan ruwa a ɗan famfon keji wani sa'in ba ta gane ruwa a kwano, sai an tsoma mata baki sau ɗaya ko biyu ta gane.

Abinci kuma kada a sauya mata shi farat ɗaya. Ta saba da garin abincin kamfani, kimanin giram 110 zuwa 120 a yini. In aka watsa mata gero ko dawa tsaba, ga baki a datse, sai ta tsaya tana kallo. Wanda ke da hali ya sayo ɗan abincin kajin ƙwai ya riƙa cuɗawa da na gida yana rage shi kullum. Wanda ba shi da hali ya jiƙa dusa da tsaki, ya ƙara tunkuza ko dakakken ƙuli-ƙuli marar yaji, da garin ƙananan kifi, da ganyen zogale, da gara in an samu. Gashi daga abinci mai gina jiki yake fitowa, dusa zalla ba ta mayar da shi. A gasa ɓawon ƙwai ko ƙashi a daka a ba ta don ƙashinta da ɓawon ƙwanta, a zuba mata ƴan ƙananan tsakuwa domin ƙundunta ya iya niƙa tsaba. Kwanon ya zama mai ɗan zurfi, saboda datsattsen baki ba ya tsintar abu a fili da kyau.

A buɗa fukafukanta da ƙasan jelarta a duba ƙwari. A ajiye mata yashi gauraye da toka. Ranar da kuka ga ta kwanta tana birgima tana watsa ƙasa a jiki, to ta fara zama kaza. Fatar da ba gashi rana na ƙona ta, sanyin hunturu kuma na shigarta, don haka a kare mata iska da buhu da dare. Sandar hawa a sa ta ƙasa-ƙasa, kada ta diro ta karye. In ƙwai ya tsaya a kwanakin farko kada a ce an yi asara, firgici ne da sauyin abinci, kuma jiki na mayar da gashi.

Kullum da safe a dube ta: tana ci? Idonta fa? Kashinta fa? In an ga gyangyaɗi, zawo kore, kumburin kai, ko aka wayi gari wata ta mutu haka kawai, a nemi malamin dabbobi na ma'aikatar kiwo. Nan muna roƙon iyayenmu: a daina gaggawar a yanka kafin ta mutu, a miƙa wa yara su fige. Ta nan murar tsuntsaye ta fi samun mutum. Wadda ta mutu a gina rami mai zurfi a binne, kada a jefa bola karnuka su ja ta lungu-lungu. In kuma an ba kaza magani, a tambayi malamin kwana nawa za a bari kafin a ci ƙwanta.

Su kuma kajin gida wannan ne lokacin yi musu riga-kafin Niyukasil, in da hali ma tun kafin baƙin su zo, domin jiki yana buƙatar kamar sati 2 kafin kariyar ta kama. Akwai na allura, akwai na ɗigo ɗaya a ido da ake kira I-2, wanda ya fi jure zafi, ana maimaita shi duk wata 3 zuwa 4. Mai lafiya ake yi wa, ba wadda ta riga ta kwanta ba.

Ranar haɗuwa

Kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu. Wani masani ɗan ƙasar Norwe ya rubuta wanga a shekarun 1920, amma kakanninmu sun riga shi sani: akwai uwar garke da ke fara ci, akwai wadda kowa ke sara. Baƙuwa kuwa daga ƙasa take farawa, kuma kazar Hausa duk ƙanƙantarta ta fi ta gidan gona zafin nama. In aka jefa ta tsakiyarsu, za su hana ta ci, su sare ta inda ba gashi, in jini ya fito kuwa sai su taru a kansa, don jan abu yana jan hankalin kaza.

Dabarar ita ce su ga juna ba tare da sun taɓa juna ba. Bayan kwanakin killacewa sun cika lafiya, a matso da kejinta tsakar gida, raga a tsakani, a riƙa zuba abinci gefe da gefe har sati guda. Daga nan a sake su tare da la'asar, a fili, mutum na zaune yana kallo. A ajiye kwanon ci da na sha a wuri biyu ko uku, don uwar garke ba ta iya tsare duka. A jingina wani abu, ko tsohuwar tabarma, inda wadda aka kora za ta laɓe. Sa'an nan a sa ta cikin akurki da dare, lokacin da duk sun yi laushi, a buɗe musu da asuba kafin faɗa ya tashi a cikin ƙunci. Ɗan sara da kora na kwana biyu uku ba komai, haka suke shirya zamansu. Jini ko hana ci shi ne ke sa a raba, a sake gwadawa bayan ƴan kwanaki.

Abu uku kada a manta. Kada a kawo baƙuwa ita kaɗai in da hali, biyu sun fi, suna raba duka kuma suna ɗebe wa juna kewa. Zakara a nisanta shi har gashin bayanta ya fito, in ba haka ba faratansa su yage ta. Kuma sati na farko sai an kamo ta da magariba an sa ta akurki da hannu, in ba haka ba ta kwana a waje muzuru ya samu kalaci. A sa mata kwando da ciyawa da ƙwai ɗaya a ciki ta gane wurin ajiye nata. Irinsu ba su cika kwanci ba, don haka mai son ƴan tsaki sai ya sa ƙwan ƙarƙashin kazar Hausa, kwana 21 ta ƙyanƙyashe.

Masu cewa wahalar ta yi yawa

Wani zai ce, in ajali ya zo ko an killace sai ta mutu. Gaskiya ne komai da ƙaddara, amma wanda ya koya mana tawakkali shi ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna. Wani zai ce gidan haya muke, ɗaki ɗaya da ɗan fili, ina za mu ware kaza? Wannan uzuri ne na gaske, kuma amsarmu ita ce: wanda ba shi da wurin warewa da abin ciyarwa, kada ya sayo don kiwo. Garin neman gira kada a rasa ido. In don miya ya saya, ya ajiye ta gefe, ya shayar da ita, ya wasa wuƙa ya yanka a ranar yadda shari'a ta koyar, ya binne gashi da kayan ciki maimakon watsa wa kajin gida. Ba mu ce yanka zalunci ba ne, ai sabo da kaza ba ya hana yanka. Zalunci shi ne a bar ta ɗaure a rana kwana uku ba ruwa.

Wani kuma zai ce, kajina ne, in sun mutu ni na yi asara. Ina! Kajin unguwarmu bola ɗaya suke tono, kwata ɗaya suke sha. Baƙuwar da ka saka yau, jibi tana gidan tsohuwar da ba ta da komai sai kaji biyar da take sayar da ƙwansu ta sayi goro da sabulu. Haƙƙin maƙwabtaka ya shiga ciki.

Kira ga ƴan'uwa ɗalibai

A yawancin gidaje mu ne masu buɗe akurki da safe, mu ne ake aika kasuwa, mu ne kuma muka iya karanta abin da ke jikin kwalba. Don haka aikin namu ne. Mu yi wa iyayenmu bayani da ladabi, ba da nuna mun fi su sani ba, don sun fi mu daɗewa da kaza. Mu ware shafi a bayan littafi mu rubuta ranar da baƙuwa ta zo da ranar da aka yi riga-kafi. Kwalbar riga-kafi guda tana isar kaji masu yawa, kuma in an buɗe ba ta jira, don haka gidajen layi ɗaya su haɗa kuɗi su kira malamin dabbobi rana ɗaya, kafin hunturu ya shigo. Muna kuma roƙon malamanmu da limamanmu su riƙa taɓo maganar sayar da dabba marar lafiya a wa'azi, domin daga bakinsu ta fi shiga.

Allah ya sa mu cikin masu jin ƙan halittunsa, ya albarkaci abin da iyayenmu ke kiwo, ya kare mu da dabbobinmu daga annoba. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, malamai kuma su ƙara mana haske.